Gidan Inna da Katin Yaya

Shekarar da Inna ta baro ƙauyenmu da ke gefen Wagini, ni na riga na yi wata takwas a Batsari ina sana'ar POS a wata 'yar rumfa kusa da tasha. Yaya kuwa ya daɗe a garin. Malamin gona ne a ƙaramar hukuma, shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ya girme ni da shekara goma sha uku. Babanmu ya rasu tun ina firamare, don haka duk abin da uba yake yi wa ɗa Yaya ne ya yi mini, tun daga kuɗin makaranta da rigar salla har marin da na sha ranar da na gudu daga aji na bi 'yan farauta. Jarin rumfar ma shi ya ba ni rabinsa.

Da farko Inna ƙin tasowa ta yi. Mutane suna ta kwashe kaya saboda 'yan bindiga, ita tana zaune a tsakar gidanta tana ɓarar gyaɗa, tana cewa inda aka binne mijinta nan za ta jira nata lokacin. Sai da aka kore shanun maƙwabcinmu da rana tsaka, aka kuma tafi da mutum biyu daga gona, sannan ta yarda aka ɗora gadonta da kwallayenta da awakinta uku a bayan a-kori-kura.

A lokacin Yaya gidan haya yake, ɗaki biyu a wani babban gida da iyali huɗu suke zaune a ciki. Ya bar wa Inna ɗaki ɗaya, shi da matarsa da yara suka matsu a ɗayan. Ba wanda ya wulaƙanta ta a gidan. Amma mace ce da ba ta taɓa jiran layin bayi ba tun da aka kawo ta gidan miji, ba ta taɓa neman izinin inda za ta kafa turken akuya ba. Ranar da wata akuyar ta ci shanyar kuɓewar matar mai gidan, aka yi 'yar magana, Inna ta ba da haƙuri har sau uku, ta shiga ɗaki ba ta ƙara fitowa ba sai alwala. Cikin 'yan watanni ta rame, muryarta ma ta yi ƙasa.

Wata rana da hantsi na je gaishe ta, Yaya yana tsugunne a bakin ƙofa yana gyaran sarƙar babur ɗinsa. Ta ce mini abu ɗaya take roƙon Allah, kada ya ɗauki ranta a gidan wani, inda ko wankan gawarta sai an nemi izini. Ni take faɗa wa, amma tsakaninta da Yaya labule ne kawai. Bai ɗago kai ba, ya ci gaba da ɗiga baƙin mai a kan sarƙar.

Haka dama suke. Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye sai amsa gaisuwa. “Yayanku” take ce masa. In tana son goro ko maganin ƙafa, ni za ta gaya wa ko matarsa, ko da yana zaune a wurin. Ni auta ne, ina kwanciya a gadonta, ina cin tuwo a kwanonta, ina yi mata gardama. Shi kuwa iyakarsa bakin ƙofa, ya tsuguna ya gaishe ta ya tashi. Ban taɓa tunanin ko abin yana damunsa ba. Na ɗauka haka duniya take.

Kafin damina ta kewayo, Yaya ya ce in gaya wa Inna ya sayi gida. A bayan gari yake, cikin wasu gidaje da aka gina don ma'aikata. Ɗaki uku ne da zaure da tsakar gida mai faɗi. Tsarin shi ne bankin da ke ba da lamunin gidaje ya biya masu ginin, kai kuma ka riƙa biyan bankin wata-wata har shekaru masu yawa. Ya sayar da fulotinsa da shanun nomansa biyu ya ba da kafin alƙalami. Ni na san da kaɗan-kaɗan zai biya, amma ban tambayi ko nawa ba, ban kuma gaya wa Inna ba. Ce mini aka yi in ce ya sayi gida, haka na faɗa.

Ranar da muka tare, Inna ta zagaya gidan a hankali tana dafa bango. Ta nuna inda za a kafa murhu, ta nuna inda za a ɗaure awaki, ta leƙa bayi ta fito. Sannan ta tsaya tana fuskantar katanga ta ce Allah ya yi albarka, Allah ya sa 'ya'ya su yi wa mai yi fiye da haka. Yaya yana sauke buhun gero daga babur. Na ga ya daɗe yana kwance igiyar da ba ta da wani ƙulli mai wuya.

Lissafinsa mai kyau ne a takarda, kuma shi mutum ne mai lissafi. Albashi ya biya gida, gona ta ci da gida. Gonarmu ta gado tana ba da gero da dawa da wake da za su kai mu shekara har a sayar da saura. Shekarar farko haka aka yi, yana fita da sassafe da 'yan ƙwadago, su dawo kafin la'asar. Shekara ta biyu an yi shuka, an yi noman farko, sai hanyar ta ƙi biyuwa gaba ɗaya. Gero ya yi kai a gona ba mai zuwa yanka. A cikin wannan daminar kuma 'yar'uwarmu mace, wadda ke bin Yaya, ta iso da yara huɗu, domin su ma an tashe su, mijinta ya tafi kudu neman abin yi. Gidan da bai taɓa sanin awo ba ya koma sayen hatsi tiya-tiya a kasuwa, ga baki ya ninka.

Ni ban lura da komai ba. Ina neman aure a lokacin, hankalina yana kan lefe. Kullum sau biyu nake cin abinci a gidan, in wanke hannu in yi gaba. Abin da na gani kawai, duk ƙarshen wata Yaya yakan ce yana da aiki a wajen Safana, ya hau babur ya tafi ya dawo da azahar. Safana ba ƙaramar hukumarsa ba ce, amma malamin gona ba ya rasa taro ko bita, ban kawo komai a raina ba.

A Safana ɗin na ji. Lokacin tsabar kuɗi ta yi wuya, na je wurin wani abokin sana'ata da yake samun kuɗi daga hannun 'yan kasuwar hatsi. Muna ƙirga muna hira sai ya ce in gode masa wa yayana, duk wata yana kawo masa ciniki. Ya ƙara da cewa amma in ba shi shawara, katin nan da yake cira da shi ba ya barin mutum da kitse. Na yi dariya kamar na san zancen, na ce ai ka san manya. Shi kuwa da ya ga kamar na sani sai ya saki baki. Ya ce Yaya yakan zo da katin bashi, ya ciri kuɗi, nan take kuma ya ce a tura su asusun bankin gidaje. Ya biya cajin cirewa, ya biya cajin turawa, ya karɓi 'yar takardarsa ya ninke ya sa a hula. Ya kai wata bakwai yana haka.

Na san katin, domin sana'ata ce. Kamarsa ɗaya da katin cirar albashi, sai dai kuɗin da ke ciki ba naka ba ne, na banki ne. Ma'aikatan bankin da albashi ke bi ta cikinsa sun taɓa zuwa sakatariya da fom, suna cewa don ranar larura ne. In ka yi sayayya da shi ka mayar da wuri, ba abin da zai hau kai. In kuwa tsabar kuɗi ka cira, tun daga ranar kuɗin ruwa zai fara hawa, kuma ruwan ma yakan haifi nasa ruwan. Bankin gidaje ba ya karɓar biya da irin wannan katin, shi ya sa sai an bi ta hannun irinmu.

A hanyar dawowa na yi ta jin haushi. Ga rumfata a bakin tasha, yana wuce ta kullum, amma ya gwammace ya ƙona mai ya bi hanyar da mutane ke tsoro ya kai sirrinsa wurin bare. Kafin in iso gida haushin ya juye ya zama kunya. Na tuna ranar da na ce wa matarsa miyar ba nama, ina wasa, ta yi murmushi kawai. Na tuna ko sati biyu ba a yi ba da na tambaye shi gudunmawar akwatin lefe, ya ce in ba shi lokaci.

Sai da na yi kwana goma sha biyu ina juya maganar kafin na iya tunkararsa. A gida ba wuri, don haka na same shi a wurin aiki, a ɗakin da suke ajiye iri da maganin feshi. Yana zaune a kan benci yana cika wani littafi. Na gaishe shi, na tambayi aiki, na tambayi gajiya, na sake tambayar aiki. Da gaisuwa ta ƙare na ce na je Safana, na ga mai POS na kusa da masallacin kasuwa.

Ya rufe littafin. Ya daɗe yana kallon buhunan da ke jingine da bango. Na zaci faɗa zai yi, sai ya matsa ya ce in zauna.

Ya ce karon farko albashi ne ya yi jinkirin kwana tara, ga ranar biyan gida ta zo, in ta wuce akwai tara, in aka tara watanni kuma suna iya karɓe gidan. Ya cira ya biya, albashi na shigowa ya mayar, abin da ya hau kai bai taka kara ya karya ba. Ya ga abin da sauƙi. Karo na biyu rabi ya iya mayarwa, domin ɗiyar 'yar'uwarmu ta kwanta asibiti an yi mata ƙarin jini. Daga nan albashi ya zama na hatsi da magani, gida kuma na kati. Duk wata yakan ba bankin katin ɗan mafi ƙarancin abin da suke karɓa don kada su rufe shi, sauran yana nan yana kumbura. Yanzu abin da ya rage a katin bai fi na biyan wata biyu ba. Bayan nan bai san abin da zai yi ba.

Ya ce duk wannan bai kai maganar riba cin ransa ba. Tun ranar da ya sa hannu a takardar gidan zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya lallashe ta da cewa larura ce. Ga shi yanzu ya ɗora wata a kan wata. Ya taɓa tsayawa a Darini ya tambayi wani malami, ya ce wani abokinsa ne abin ya sama. Malamin ya gaya masa abin da ya riga ya sani, ya kuma ce abokin ya gaggauta fita, Allah mai karɓar tuba ne. A nan na gane dalilin da ya sa in liman bai zo ba a masallacin unguwa aka tura Yaya gaba, sai ya ja baya ya tura wani. Wata da watanni ina ganin haka, na ɗauka tawali'u ne.

Na ce akwai jarina, ya ɗauka duka, in ya so na fara daga farko.

“Na ɗora ka a kan sana'a ne don in dawo in sauke ka?” ya ce. “Tashi ka koma rumfarka. Kuma kada Inna ta ji. Ka ji abin da na ce?”

Na ce na ji.

Ban kai sati da alkawarin ba. Wata safiya ina shan koko a ɗakinta, ta kori jikokinta waje, ta saki labule.

“Mi ke cin yayanku?”

Na ce aiki ne ya yi masa yawa. Ta ce aiki bai taɓa hana shi cinye tuwonsa ba. Ta ce wayarsa in ta yi ƙara sai ya fita waje yake ɗauka. Babbar rigarsa ta Juma'a, mai aikin hannu, ta daina ganinta a shanya. Sarƙar wuyan matarsa ma ba ta nan. Duk wannan ta gani, ita da ba ta kallon fuskarsa. Ta ce ita ta haife ni, ta san yadda nake ajiye ludayi in zan yi ƙarya.

Na gaya mata. Maganar kati ba ta shige ta ba, na yi ta kwatance ina dawowa. Can ta ce in tsaya. Ta ce wato kamar mutumin da ya ci buhu da bazara zai biya biyu da kaka, kaka ta zo babu, ya je wurin wani ya ci biyu don ya biya na farkon. Na ce haka ne. Ta ce ta san mutanen da hakan ya raba da gonakinsu.

Sannan ta tambaya ko gidan nan ashe ba a gama biyansa ba. Na ce saura shekaru. Ta dubi rufin ɗakin, ta dubi ƙofa.

“Bakina ne,” ta ce. “Na san yana ji na faɗa.”

Na fara cewa ba haka ba ne, ta ɗaga mini hannu. Ta ce in nemi mota, jibi zan raka ta wajen ƙauyen Babban Duhu.

Akwai wata karsana da Inna ta gada daga mahaifinta tun ba a haife ni ba, ta ba wani Bafulatani kiwo, mutumin da gidansu da gidan kakanmu suka daɗe da amana. A da duk shekara yakan zo da man shanu ya faɗa mata abin da aka haifa. Da abubuwa suka lalace muka ji an kore musu garke, suka tashi daga inda suke, labari ya yanke. Mu duk mun cire rai. Ashe Inna ba ta daina tambayar masu tallar nono ba, har wata ta gaya mata inda suka koma.

Mun fita da safe a motar 'yan kasuwa zuwa Safana, daga nan muka hau babura. Inna ba ta son babur, ta riƙe rigar mai tuƙin da hannu biyu tana salati har muka isa. Mun same su a gefen gari, bukkoki huɗu da ɗan shingen ƙaya. Mutumin da na sani da garken da ba a ganin ƙarshensa, yanzu shanun da ke wurin yaro ma zai ƙirga su. Ya tsufa ƙwarai. Matarsa ta rungume Inna, suka zauna a tabarma suna jera waɗanda suka mutu da waɗanda ba a san inda suke ba, wannan ta faɗi nata, waccan ta faɗi nata. An kawo fura da nono. Sai da aka yi azahar Inna ba ta ce ga abin da ya kawo ta ba.

Shi ya fara. Ya ce nata sun kai bakwai kafin abin ya faru, biyar sun tafi tare da nasa. Saura saniya ɗaya da bajimi. Ya tashi ya kai mu ya nuna su, ya faɗi uwar kowanne da kakarsa. Ina tsaye ina tunanin da ya ce duka sun tafi, ba mai ƙaryata shi a duniya, ga shi kuwa yana cikin buƙatar da ta fi tamu. Inna ta tambaya ko saniyar ana tatsa. Matar ta ce ita ce ma ke riƙe da su. Inna ta ce to saniya ta zauna, ɗan da za ta haifa nan gaba nasu ne, bajimin kawai take so a sayar. Bai tambaye ta dalili ba. Ranar kasuwa shi da kansa ya ja shi zuwa kara, ya tsaya a kan ciniki har sai da aka kai inda ransa ya kwanta, ya ƙi karɓar ko sisi.

Kuɗin bai kai ba. Ya rufe wajen kashi biyu cikin uku na abin da ke kan katin. Na je wurin mahaifin yarinyar da nake nema na ce ina roƙon a ɗaga biki zuwa bayan kaka, wata larura ta taso a gida. Ya ce gida shi ne gaba. Na kwaso abin da na tara na lefe na haɗa. Jarin rumfa ban taɓa shi ba, don kada in ƙara wa Yaya wani ciwon.

Ranar da za a ba Yaya kuɗin, bayan la'asar, Inna ta ce wa matarsa ta kira mai gidanta. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa yadda ya saba. Ina zaune a gefen gado, 'yar'uwarmu tana tsaye a waje. Inna ta tura ƙullin ɗankwali gabansa. Ya dubi ƙullin, ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

“Kai,” in ji Inna. Ban taɓa jin ta ce masa haka ba. “Na ce ba na son in mutu a gidan wani. Ban ce ka kashe kanka a tsaye don in samu wurin kwanciya ba.”

Ya ce, “Inna, na kasa ne.”

“Ba ka kasa ba. Shirun da ka yi shi ne laifinka. Ɗauki ka kai musu abinsu.”

Ya cire hularsa ya shafa kai, ya mayar, ya sake cirewa. Inna ta juya tana gyara shimfiɗar da ba abin da ya same ta, ta ce mini in miƙo mata carbinta. Ya ɗauki ƙullin ya tashi.

Kwana goma bayan nan ba abin da ke haɗa ni da shi sai gaisuwa. Ban ga laifinsa ba, ni ne na karya alkawari.

Biyan kati bai kawar da biyan gida ba, wata yana ƙarewa za a sake nema. Matar Yaya ce ta kawo shawara, ita da ta san komai tun farko ta riƙe a cikinta. Ta ce ɗakin Inna shi ne babba, kuma bangonsa ɗaya yana kallon titi. In aka fasa ƙofa ta waje aka toshe ta ciki, za a samu mai haya. Ta faɗa tana jin nauyi, domin ɗakin da aka sayi gidan saboda shi ke nan. Inna ta ce a kira magini gobe. Ta koma ɗaki ɗaya da 'yar'uwarmu da yaranta, ta ce dama ɗakin ya yi mata faɗi, ba ta jin motsin kowa. Wata malamar asibiti da aka turo garin ta kama shi. Matar Yaya da 'yar'uwarmu kuma suka fara ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, Inna tana yi musu ɓara da gyara.

Yaya ya yi zuwa uku Katsina wurin bankin gidaje kafin suka yarda suka rage abin da yake biya duk wata, suka ƙara masa shekaru. Zuwansa na huɗu don rufe katin ne, ya aiko a ce in shirya in raka shi. A bankin katin wata ma'aikaciya mai fara'a ta yi ta ba shi baki, ta ce tunda ya biya duka yanzu ma za a iya ƙara masa yawan abin da zai riƙa cira, ya ajiye shi ko don wata rana. Ya yi mata godiya ya ce a dai rufe. Ta sake bayani, ya sake godiya. Sai da muka yi awa biyu a kan kujera kafin aka kawo takardar da zai sa wa hannu.

Da muka fito ya ja ni wata rumfar mai abinci kusa da tasha, ya sayo mana shinkafa da wake. Muna ci ya ce abin da ya fi yi masa wuya a watannin nan shi ne fita daga gari. Duk wanda ya gamu da shi sai ya ɗaga hannu ya ce Malam, gida ya yi kyau, Allah ya sa mu ma mu yi wa iyayenmu haka. Ya amsa da amin, kati yana aljihunsa. Ya ce da na tambaye shi tun farko ma ba zai gaya mini ba, don haka in daina ganin laifin kaina. Sannan ya tambaya ko akwai masu zuwa rumfata suna yin irin abin da ya yi.

Na ce akwai. Da ban gane su ba, yanzu ina ganewa. Yawanci ba 'yan unguwar ba ne, daga nesa suke zuwa, sukan jira sai layi ya watse. Akwai wani malamin makaranta, akwai wata mata mai aiki a kotu. Ya ce me nake ce musu. Na ce ba na cewa komai, ban san abin da ke gidajensu ba. Wani lokaci dai nakan yafe cajin turawa. Ya ce in na ga fuska, in riƙa gaya musu yadda ruwan yake hawa tun daga ranar farko, domin shi ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa, a fom ɗin kuma da ƙananan haruffa aka rubuta da Turanci. Na gwada da malamin makarantar. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya gode, bai ƙara zuwa rumfata ba. Ban sani ba ko dainawa ya yi ko wurin wani ya koma.

An yi bikina bayan kaka da akwati uku maimakon biyar da na yi niyya, har yau matata takan tsokane ni da sauran biyun. 'Yar'uwarmu ta bi mijinta bayan shekara guda, da ya samu ɗaki a inda yake aiki. Gonarmu tana can, ba mu koma ba tukuna, sai wata 'yar gona da Yaya ya samu aro a bakin gari yana shuka wake. Gidan kuwa, in Allah ya kai mu, zai gama biyansa dab da lokacin da zai ajiye aiki. Akwai watan da ake matsuwa, a rage cefane, a ɗaga ɗinkin yara. Kuɗin gidan na watan jiya an biya tun saura kwana uku, da albashi da kuɗin hayar ɗakin. Matarsa ce ta gaya mini, na je sayen man gyaɗa a wurinta, ta cika mini kwalba ta ƙi karɓar kuɗin.